Baban Su Haisam

"Katin fa?" in ji maigadin, ya gitta sandarsa a ƙaramar ƙofar makarantar.

Alhaji Rabe ya tsaya, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje. "Wane kati kuma?"

"Katin ɗaukar yara. Mai hoton yaro da na mai ɗaukarsa. In babu shi, ko wane ne sai dai ya jira a nan."

Alhaji Rabe ya gyara zaman babbar rigarsa. Shekara ashirin yana dillancin banda a kasuwar Nguru, motar kifi ba ta ɗagawa zuwa Kudu ba a ji ta bakinsa ba. Rabon da a tambaye shi ko shi wane ne a garin nan har ya manta.

"Baba, ba ka gane ni ba ne? Rabe ne, na 'yan kifi."

"Kifi na sani," in ji tsohon. "Kai ne ban sani ba."

Matan da ke tsaye da katunansu a hannu suka rufe baki da mayafi.

Abin da ya kawo shi kuwa ba wani babba ba ne. Matarsa Suwaibatu tana Gashuwa tun shekaranjiya, bikin ƙanenta Ridwanu, ta tafi da ƙananan biyu, Haisam da Shuhada. Babbar, Ummi, an bar ta a gidan goggonta saboda jarrabawa. Wakili mai Keke Napep, wanda ya shekara huɗu yana kai ta yana ɗauko ta, aka yi masa rasuwa a Yusufari, ya kai ta da safe ya wuce, katin na aljihunsa. Da hantsi Suwaibatu ta bugo waya ta ce, "Baban Haisam, tunda dai za ka taho ɗaurin aure, ka biya makaranta ka taho mini da yarinyar nan. Ƙarfe ɗaya suke tashi." Ya ce "To," kamar an ce ya biya ya ɗauko hula. Sai da ya fara zuwa wata makaranta a unguwar Bulabulin, inda aka duba littafi aka ce masa ai an cire ta daga nan shekara biyu da suka wuce, sannan aka yi masa kwatancen wannan.

Da maganar ta ƙi ƙarewa a ƙofa, maigadin ya tasa shi gaba zuwa ofishin shugabar makaranta.

Shugabar, Ya Mairam, tsohuwa ce siririya, tabarau a ƙarshen hanci. Ta koyar shekara talatin da biyar ta yi ritaya, zaman gida ya ishe ta, ta dawo. Ta amsa gaisuwarsa tsaf, har da tambayar kasuwa, sannan ta jawo babban littafi.

"Sunan yarinyar?"

"Ummi."

"Ummi nawa kake so? Sha huɗu gare mu. Akwai Mami shida in waɗannan ba su yi maka ba. Sunan yanka nake tambaya, Alhaji."

A nan gizo ke saƙar. Ummi 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa ta ci. Kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. Shekararta goma, bakinsa bai taɓa furta sunan ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, in zai aike ta ma sai ya ce da uwarta, "A ce da yarinyar nan ta miƙo ruwa." Haka ya ga ubansa ya yi da yayansa, haka aka ce kakansa ya yi tun suna Haɗejiya. A majalisar 'yan kifi ma shi ne mai ba sababbin angwaye shawara: yaro in ka sake masa fuska ya raina ka, tarbiyya kwarjini ce. Magana ce da ta daɗe tana yawo daga baki zuwa baki, kuma duk tsawon zamanin nan ba a ji wanda ya tambayi yaran yadda ta yi musu ba.

Ya yi gyaran murya. Ya dubi fanka. Ya dubi taswirar da ke bango.

"Sunan... wato, Hajiya, sunan baiwar Allahn nan da ta shayar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam."

"Sallallahu alaihi wa sallam. Madalla, ka ci tambayar Sira." Ta bi layi da yatsa. "Halimatusa'adiya Rabe. Akwai ta. Aji nawa take?"

"Uku."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Huɗu," in ji shi da sauri.

"Albarka," in ji Ya Mairam. "Alhaji, ba kwalin banda muke ciniki ba da za ka riƙa ƙara tayi. Sunan malamarta fa?"

Bai ma gwada ba. Ya zaro waya ya kira Suwaibatu. Ta yi ta ruri har ta katse. Ya sake, ya kuma sakewa, har sau bakwai. Wayar da ke ƙasan jaka a gidan biki ai sai dai Allah. Ya kira Wakili, aka ce ba a samunsa.

"To bari ki ga hoto," in ji shi, ya matso da kujera. Ya fara turawa da babban yatsa. Ga Haisam a kan babur. Ga Haisam da kayan Sallah. Ga Shuhada da kwalbar lemo. Ga kwalayen kifi, ga wasu kwalayen, ga mota an yi mata lodi. Ga Haisam kuma. Yatsan ya riƙa rage sauri har ya tsaya.

"Kifin dai ya yi kyau," in ji Ya Mairam.

Ta bakin taga ya jiyo wata tana raɗa wa 'yar'uwarta, "Ai ɓarayin yara da manyan riguna suke zuwa, don kada a zarge su." Zufa ta keto masa ta ƙarƙashin hula.

"Ka ga, Alhaji," in ji shugabar, ta rufe littafin, "dokar nan ba ni na kawo ta ba. Bara da aka yi ta jita-jitar satar yara, iyaye maza ne suka cika ɗakin taro suka ce duk wanda ya zo ba kati, kuma bai iya bayani ba, a kira masa 'yan sanda. Ni ba na son a kai nan. Saura hanya ɗaya. Baba Hashim," ta dubi maigadin, "a kira mini Halimatu Rabe."

Ya tuna yadda shi ma ya yabi wannan doka a majalisa, har yana cewa haka ake so. 

Yarinyar da ta shigo ta fi wadda ya sani tsawo. Farin hijabinta da ɗigon tawada a gefe, safa ɗaya ta zame. Ta gan shi, ta ɗan yi turus, sannan ta durƙusa, ido a ƙasa.

"Ina wuni."

"Lafiya," in ji shi, yana duban bango, yadda ya saba.

"Halimatu," in ji Ya Mairam, "kin san mutumin nan?"

"Eh, Malama. Baban su Haisam ne."

 Maigadin da ke bakin ƙofa ya sunkuyar da kai yana duba sandarsa.

"Na su Haisam," in ji Ya Mairam. "Ke fa?"

"Ni ma nawa ne." Ta yi ɗan tunani, don ita yarinya ce mai son ba da amsa cikakkiya. "Amma ni ba ma magana. Umma ta ce kunyata yake ji. Ni dai ban yi masa komai ba."

Ya Mairam ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da bakin mayafi. "Je ki ɗauko jakarki, 'yar nan."

Da yarinyar ta fita ta tura masa takarda ya sa hannu. "Tun kana shigowa na ga goshinka irin nata ne. Irin wannan goshi ba a aronsa. Sai dai goshi ba ya cikin doka." Ta mayar da tabarau. "Ni ma 'yar fari ce. Na san ubana ya so ni, don kowa ya gaya mini: uwata, goggonnina, har maƙwabta. Shi kaɗai ne labarin bai fito daga bakinsa ba. Aji biyar take. Ka riƙe, ko za a tare ka a hanya."

A tasha ya kama musu kujerar gaba. Ya saya mata zoɓo mai sanyi, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta riƙe shi a cinya ba ta sha ba. Mota ta cika, ta fita gari, ta bi ta gefen fadama inda ruwa ke ƙyalli tsakanin ciyawar kacalla. Shi yana jikin ƙofa, ita tana tsakiya, ta takure don kada ta taɓa rigarsa. Mutumin da ke iya shawo kan Inyamurin da ya rantse ba zai ƙara ko sisi ba, ya yi tafiyar minti goma yana neman kalma ɗaya.

Can ya dubi gilashin gaba ya ce, "Jarrabawar ta yi kyau?"

"Wace jarrabawa, Alhaji?" in ji direba.

"Ba da kai nake ba."

Direba ya dubi madubi, ya dubi fasinjojin baya. Ummi ma ta waiga tana neman wanda ake yi wa magana. Dole Alhaji Rabe ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya.

"Da ke nake."

"Ni?" Ta sunkuyar da kai. "Ta yi kyau."

"Madalla." Ya dubi hannunta. "Ba ki sha zoɓon ba."

"Ba na sha. Haisam ne mai so. Ni yana sa mini ciwon ciki."

"Au." Ya karɓa ya miƙa wa direba. "To me kike so?"

"Awara. Mai yaji." Ta saci kallonsa. Da ta ga fuskar ba ta ɗaure ba, ta ƙara, "Amma ba ta bakin makaranta ba. Ita wannan, Amatullah ta ce da ruwan kwata ake yi. Amma ƙarya take, don yanzu ma ba ma shiri."

"Wace ce Amatullah?"

Wannan tambaya ita ce ta fasa madatsar. Amatullah, ashe, ita ce abokiyar zamanta a benci, kuma tun farkon zangon nan ta ja layi da alli a tsakiyar teburi ta ce duk wadda gwiwar hannunta ta tsallaka za ta ba da biro. Dalili kuwa zaɓen monita ne. Amma ba za a gane zaɓen ba sai an san Nabila, ba kuma za a san Nabila ba sai an koma aji huɗu, ranar da ƙadangare ya faɗo daga silin. Suka wuce Jajimaji ana aji huɗu. A hanya ya ji cewa tana tsoron talotalon gidan goggonta, ta fi kowa iya raba dogon lissafi, kuma ita ce ta koya wa Haisam karatu a bayan ƙofar kicin da gawayi. Shi kuwa ya shekara yana gaya wa 'yan kifi cewa yaron da kansa ya iya, baiwa ce.

Wata mata a baya ta ce, "Kai, yarinyar nan akwai zance! Jikarka ce, Alhaji?"

"'Yata ce," in ji shi. Ya ji maganar ta fito ba ta ƙone masa harshe ba, sai ya ƙara, "Aji biyar take."

Direba ya so ya sa baki a kan layin alli, ya ce shi a ganinsa Amatullah ce da gaskiya. Alhaji Rabe ya ce masa ya dubi hanya.

Ana gab da la'asar Keke ta sauke su a unguwar Katuzu da ke Gashuwa. Ƙofar gidan bikin ta cika: maza a kan tabarmi ƙarƙashin rumfa, mata na shiga da fita da manyan kwanuka. Sai da suka tsallaka titi ya lura tana riƙe da gefen rigarsa, bakinta bai tsaya ba.

Inna Zainabu, yayar surukarsa, wadda bakinta ba ya barin kowa, tana zaune a dakali. Ta tafa hannu.

"Lale, lale! Yau me zan gani? Rabe da 'yar fari a tsakiyar titi, har da riƙe riga! Kunyar ta ƙare a Nguru ne, ko tsada ta yi?"

Mata suka kwashe da dariya. Mazan rumfa suka juyo. Suwaibatu ta leƙo daga zaure, waya a hannu, ta ga kira bakwai, ta ga mijinta, ta ga hannun 'yarta, ta tsaya baki buɗe.

"Ke Ummi, sakar masa riga ki zo a sa miki lalle," in ji ta a hankali. "Baban Haisam, ana jiranka a rumfa, yanzu za a tafi masallaci."

Ummi ta saki rigar. Ta yi taku biyu, ta tsaya, ta waigo. Muryarta ta koma ƙasa-ƙasa, irin ta ofishin shugaba.

"Ban gama ba. Saura ranar zaɓen."

Alhaji Rabe ya dubi rumfa, inda surukinsa ke ɗaga masa hannu. Ya dubi Inna Zainabu, wadda ta riga ta shirya magana ta biyu. Sai ya tattare babbar rigarsa, ya zauna a ƙarshen dakalin, ya matsa ya bar wuri a gefensa.

"Inna, a yi mana haƙuri kaɗan," in ji shi. Ya juya ga yarinyar. "To, ina jin ki. Sai Amatullah ta ce me?"