Hanyar Amalanken Baba

Da aka raba gadon Baba, gona ta kasu biyu tsakanin Tela da Auta, ita kuma Yaya, babbarsu, aka miƙa mata ɗan lambun da ke can ƙarshe. Lambu dai a baki. Dashen mangwaro ne da lemo, waɗanda ko akuya sai ta sunkuya kafin ta ci su. Ƙannen nata har da yi mata barka, suna ƙunshe dariya. Ita ta shayar da dashen nan garwa bayan garwa, rani bayan rani, har gashin tsakiyar kanta ya zube. Bana mangwaron ya yi furen da in ka tsaya a ƙarƙashinsa sai ƙarar ƙudan zuma ta cika maka kunne, ita kuwa ta kan tsaya ta yi ta murmushi ita kaɗai.

Abu ɗaya ne masu rabon suka manta: hanyar amalanken Baba. Ta taso daga bakin daji, ta ratsa tsakanin gonakin biyu, ta dire a shingen lambun. Tela ya ce tana cikin kasonsa, Auta ya rantse tasa ce. Wata shekara Tela ya sa mata fartanya, Auta ya kai ƙara, dattawan gari suka ce kada wanda ya sake taɓa ta sai an zauna. Zaman nan har yau ana shirinsa. 'Yan'uwan suka daina ga-maciji, ciyawa kuma ta samu sake, ta yi tsawon da za ta ɓoye mutum da hularsa.

A zamanin Baba, da ruwa ya ɗauke yake share ta tas, saboda wutar daji. Yanzu kuwa an girbe gonakin, an kwashe kara, ƙasa ce fili hagu da dama, babu abin da wuta za ta ci. Sai wannan layin ciyawa kaɗai, miƙe daga daji zuwa lambun kamar lagwanin fitila.

Iska ta taso daga gabas, ta ƙi kwanciya. Wanki tun kana shanyawa yake bushewa. Ciyawar ta bushe ƙayau, in ka murza ta a tafi sai ta zama gari. Yaya ta share ƙarƙashin itatuwanta, ta kwashe busasshen ganye, amma ta san aikin banza ne: in ciyawa mai wannan tsawo ta kama, iska za ta ɗebi tartsatsin ta watsa a saman itatuwan. Tsoro ya hana ta sakat, sai ta nufi shagon Tela.

Ta tarar da shi kan keken ɗinki, allura a baki, ƙyallaye zube a ƙasa. Ko taka keken bai daina ba.

"Ƙanena, ciyawar hanyar nan na zo maka da ita. Ba ka jin iskar nan?"

"Ina ji, Yaya, har ƙofa take bugo mini."

"To a yanke ta mana. In wuta ta biyo ta, lambuna ya tafi."

Ya zare allurar daga baki. "Ni da aka kai ƙara? Je ki wajen ɗan lelenki. In ya faɗa gaban mutane cewa hanyar tawa ce, gobe da safe ki ga lauje a hannuna."

Ta wuce wajen Auta, wanda ta goya da bayanta. Yana gindin injin niƙansa, fari fat har gira. Ya kashe injin don girmamawa, ya saurare ta, sannan ya yi dariya.

"Haba Yaya, wuta kuma? Ke dai tun muna yara haka kike, ko ashana aka ƙyasta sai kin kawo bokiti."

"Auta, ba wasa na zo yi ba."

"To shi ya aiko ki ke nan. Ki ce masa ban ji ba." Ya tada injinsa.

Washegari ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta ɗauki lauje, ta fara yanka daga bakin shingenta. Ciyawar na tsaga mata hannu, iska na tura mata ita a fuska. Ba ta yi nisa ba sai ga Tela ta hagu, igiyar awo rataye a wuya, ga Auta ta dama da garinsa. Wanda ya kai musu labari, Allah ya saka masa, don ya yi abin da ya gagari dattawa: ya tsayar da su wuri ɗaya.

"Wa ya sa ki?" in ji Tela.

"Tsoro ya sa ni."

"Yau ki yanka, gobe ki ce hanyar lambunki ce," in ji Auta. "Mun san irin wannan."

"Mun sani," in ji Tela.

Ta dube su. Rabon da bakinsu ya zo ɗaya tun Baba na da rai, yau ga shi ya zo ɗaya a kanta. Ta ce ta yafe hanyar duniya da lahira, a kira shaidu. Ta ce su riƙe laujen su biyu, ɗaya ƙota ɗaya baki, in hakan zai fi musu. Auta ya zare shi daga hannunta a hankali, cikin ladabi, ya ce zai ajiye mata. Ta koma gida tana kuka, ba ta ma damu da wanda ya gan ta ba.

Wutar ta zo da tsakar rana. Wa ya kunna ta, oho. Wasu sun ce mai gawayi, wasu sun ce guntun sigari. Yaya na bakin rijiya ta ji ƙauri, ta ɗaga kai ta ga hayaƙi kwance a kan daji, iska ta danne shi yana nufo su. Ta yar da guga ta ruga. Wutar ta iso bakin gonar Tela ta rasa abin ci, ta iso ta Auta ta rasa, sai ta samu hanyar Baba ta miƙe a kai, da gudun da doki ba zai kamo ta ba. Mutane sun fito da ɗanyen ganye da bokitai, zafi ya kora su baya. Shinge ya kama. Iska ta yi ta jifan saman itatuwan da ciyawa mai ci, furen ya riƙa tashi fuu, itace bayan itace. Mata biyu ne suka riƙe Yaya, don ta yi niyyar shiga.

Da la'asar komai ya lafa. Gida ko ɗaya bai ƙone ba, gonakin ma ko a jikinsu. Kowa ya zo sai ya ce mata an gode Allah da ba a rasa rai ba. Ta amsa, don gaskiya ce, amma zuciyarta ta yi baƙi fiye da kututturan da ke gabanta.

Da safe ta dawo da garwa, ko akwai mai sauran rai. Ta kankare bawon na farko da farce, ta tarar har ciki ya dahu. Na biyu ma haka. Tana kan na uku ta ji hayaniya a bayanta.

Hanyar ta share tas, yadda Baba yake son ta. A tsakiyarta, cikin toka, ga duwatsu jere daga daji har bakin lambun, duwatsun iyakar da Baba ya kafa wa ƙannen nata tun yana da rai, ciyawa ta rufe su. Rabi na Tela, rabi na Auta. Dattawa sun zo, zaman da ya gagara ya yiwu a tsaye. Auta ya durƙusa ya nemi gafarar wansa, Tela ya ɗago shi ya rungume, har da ƙwalla. Mutane suna ta cewa wannan wuta alheri ce.

Aka kawo igiya don a ja layi a tabbatar. Tela ya riƙe bakinta can wajen daji, Auta ya taho yana warware ta, fuskarsa cike da fara'a, har ya iso inda shingen lambun yake a da. Ya waiga yana neman mai kama masa, sai ya gan ta tsaye da garwa, toka har gwiwa.

"Yawwa, Yaya," ya ce, "ajiye ruwan nan ki riƙe mana bakin igiyar."