Hoton da Ya Manne a Gilashi

Tsohon yana da akwatunan ƙarfe maƙil da fuskokin mutanen da bai taɓa sani ba. Hotunan dauri, tikitin jirgin ƙasa, kalandar shagunan da suka daɗe da mutuwa, takardun tallar sabulu. A wajen masu tsofaffin kaya yake tsinto su. Amma hoton matarsa marigayiya ɗaya ne tak, a firam, jikin bangon falo.

Ranar da autarsa ta zo gaishe shi, sai ta goge firam ɗin da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa ya sulale ciki. Kafin a ankara hoton ya bushe, fuskar ta manne da gilashi.

"Baba, wallahi gyara na yi niyya," ta ce, idonta taf da hawaye.

"Ai kin gyara."

Tela maƙwabcinsa, abokin tsokanarsa tun ƙuruciya, ya shigo da reza.

"Kawo in ɗaye maka. Aikina ne farke abu."

"Wannan ba wandon wani ba ne. Mayar da rezarka."

Tsohon ya san in aka ja hoton a bushe, fuskar za ta zauna a gilashi, takardar ta fito fara fat. Sai dai a jiƙa. To kowace takarda da ruwan da take jurewa, wata mai ɗumi, wata mai sanyi. Shi kuwa ba zai yi gwaji a kan fuskar matarsa ba.

Ya duba hatimin shagon hoton a bayan takardar, ya zazzage akwatunansa yana neman hoto mai irin hatimin, don takardarsu za ta zo ɗaya. Guda ya samu: hoton ranar da aka buɗe tashar jirgi, wanda masu tara irin kayan nan suka yi ta sintiri a kansa yana korarsu.

"Wannan?" in ji tela. "Wanda ka hana ni taɓawa, wai hannuna da maiƙo?"

"Har yau da shi. Ba ni almakashi."

Ya raba hoton biyu. Ya yayyafa wa kowane ɓari ruwa, ya manna a gilashi, ya bari suka bushe. Washegari ya tsoma ɗaya a ruwan ɗumi, ɗaya a na sanyi. Na ɗumin bai jima ba jirgin ya narke, ruwan ya yi baƙi. Na sanyin ya ɗauki lokaci, sannan ya saki da kansa, jama'ar tasha kowa da fuskarsa.

Sai ya kwantar da gilashin hoton matarsa a faranti, ya zuba ruwan sanyi. Auta ta kawar da kai.

"Juyo ki kalla. Gobe kya san yadda ake yi."

Suka zauna jira. Tela ya buɗe baki, tsohon ya harare shi, ya rufe. Can gefen takardar ya ɗaga. Tsohon bai ja ba, ya dai riƙa karkata farantin a hankali har hoton ya taso. Ya shimfiɗa shi a kan farin ƙyalle. Ido, hanci, ɗan murmushin nan nata na raini, duk suna nan.

Auta ta sunkuya. "Baba, ɗan kunne ɗaya ya tsaya a gilashi."

Ya duba. Haka ne.

"Ƙyale shi," ya ce. "Uwarki ba ta taɓa dawowa daga unguwa da biyu ba."