Kafiretar Oga Nazir

Shekara goma sha tara Badaru ya yi yana gyaran injinan jiragen masunta a Baga, kafin tashin hankali ya koro shi da iyalinsa zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro a Abuja. A Abuja ya taɓa gyaran janareta da injin markaɗe, har Allah ya haɗa shi da masu babur ɗin ruwa a bakin tafkin Jabi. Masu hali ne ke sayen irin wannan abin hawa, su rufe shi da tamfol, ranar Asabar su zo su yi ta tsaga ruwa. In ya ƙi tashi, Badaru ake kira.

Cikin masu baburan akwai Nazir, matashi mai tsabta da ƙamshi, ma'aikaci a wata hukumar gwamnatin tarayya. Bayan babbar salla ya ba Badaru nasa ya wanke masa kafireta, wato abin da ke haɗa wa inji mai da iska. Badaru ya wanke, ya kuma gaya masa tiyon mai ya ruɓe ta ciki, in ba a canza ba za ta sake toshewa. Nazir ya ce ya ji, bai canza ba. Sati uku tsakani babur ya mutu masa a tsakiyar ruwa, sai da aka jawo shi da kwalekwale, jama'a na dariya. Wani bakanike da ya ɗauko daga cikin gari, ko noti ɗaya bai kwance ba, ya ce ai an kwashe kayan asali na cikin kafiretar an zuba jabu.

Nazir bai tsaya bincike ba. A gaban masu gadi da masu saida gasasshen kifi ya fizge jakar aikin Badaru ya zazzage ta a kan katakon bakin ruwa. Sufanu biyu suka gangara cikin tafki.

"Ɓarawo! An taimake ku an ba ku wurin zama, ku saka wa mutane da sata!"

Badaru ya durƙusa ya tsince abin da ya rage. Wata biyar babu wanda ya sake ba shi aiki a wurin sai wani mai kwalekwalen haya. Matarsa Batulu ta yi ta ce masa ya bar wa Allah. Ya bar wa Allah, amma bai manta ba. Duk ranar da ya wuce ta gaban tamfol ɗin nan sai ya tuna da ruɓaɓɓen tiyon da ke ƙarƙashinsa, ya ji wani sanyi a ransa.

Wata Asabar cikin bazara Nazir ya gayyato abokan aikinsa, har da shugabarsu Madam Perpetual, ya yi musu alkawarin kowa zai hau. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo tsire. Ya danna maɓalli, inji ya yi ta juyi ya ƙi kamawa. Ya danna har batir ya fara gajiya. Bakaniken cikin gari bai ɗaga waya ba. Da rana ta take, sai ga Nazir da kansa a inuwar da Badaru ke zaune.

"Baba Badaru, don Allah a zo a duba mana."

"Oga, ni? Ka dai duba da kyau, ko wani kake nema."

"Abin da ya wuce ya wuce. Ogata tana jira."

Badaru ya ɗau jakarsa ya bi shi a hankali, ba ya ko sauri.

Ya fara duba mukullin igiya da ake maƙalawa, lafiya lau. Ya cire fulogi ya gwada, akwai wuta, amma bakinsa a bushe ƙayau. Ya ɗiga ɗan fetur a ramin fulogin, ya mayar da shi, ya danna. Injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

"Wuta na zuwa, mai ne ba ya zuwa," in ji shi da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Sai an buɗe kafireta. A ara mini faranti."

Aka juye tsire aka ba shi farantin. Ya zauna a gaban baƙin ya kwance ta ɗaya bayan ɗaya: murfi, siririyar roba, allura, ɗan sifirin kamar ƙwayar shinkafa, sai 'yar rariyar da ke tace mai. Ya ɗaga rariyar sama. Wani koren danƙo ya cike ta.

"Wannan cikin tiyo ne ya narke. Oga, ba na gaya maka ka canza ba?"

Nazir ya goge gumi. "Yi dai aikin, Baba."

"Zan yi." Ya juya wajen Madam Perpetual. "Ranki ya daɗe, idona ya yi rauni. Ko za ki duba mini tambarin da ke jikin waɗannan, ki gwada da na jikin murfin?"

Ta gyara tabarau ta duba. "Iri ɗaya ne," ta ce da 'yar Hausarta. "Me ya faru?"

"Su ne Oga ya ce na sace. A nan ya zubar mini da kaya, ya kira ni ɓarawo. Ga su a inda kamfani ya sa su."

Madam ta kalli Nazir ta saman tabarau, ta daɗe tana kallonsa. Wata daga cikin matan ta sauke wayar da take ɗaukar hoto da ita, sannan ta sake ɗagawa.

Badaru ya wanke kowane ƙarfe da fetur mai tsabta, ya hura ƙananan ramukan har iska ta wuce, ya jera su a faranti suna ƙyalli. Sai ya goge hannu ya rufe jakarsa ya miƙe.

"Ba ka haɗa ba!" Nazir ya ce.

"Na gano ciwon, na wanke. Haɗawa kuma ba da hannuna ba."

"Faɗi abin da kake so."

"Ba na son komai naka."

Ya miƙa masa farantin. Nazir ya karɓa don ba shi da yadda zai yi, farantin ya karkata, sifirin ɗin ya gangara ya shige tsakanin katako. Kafin la'asar baƙi sun watse, babu wanda ya hau ruwa.

Mai kula da wurin ya dakatar da Badaru sati biyu don ya kunyata mai babur a gaban baƙinsa. Batulu ta yi masa faɗa, ta ce da ya haɗa ya fi lada. Ya amsa cewa gaskiyarta, amma ranar ya ci tuwo malmala uku. Babur ɗin kuwa ya yi wata guda a kwance, daga baya Nazir ya sayar da shi ga wani ɗan kasuwa Bakatsine mai suna Abdulƙadir. Shi ne ya aiko a nemo Badaru, ya haɗa masa kafiretar cikin awa ɗaya, da sabon sifirin da sabon tiyo.