Tayar da Labaran Ya Sayar

Labaran ne ya jefa ɗana a kwalbati. Haka na faɗa masa a ƙofar shagonsa na tayoyi a Utako, ban yi sallama ba, ban kuma rage murya ba don masu kallo.

Ya taso yana goge hannu a wando, wai Gwaggo in shigo in zauna. Na ce Muktar a tsaye ya kwana a bayan kanta, ni ma a tsaye zan yi magana.

Muktar ɗana direba ne a wani kamfanin masu awon filaye. Jif ɗin da yake tuƙawa irin wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja ce, saboda shiga daji. Watan jiya ƙarfe ya farke tayar gaba. Mista Zacharias, mai kula da motocin kamfanin, ya ce ba za a canza huɗu saboda ɗaya ba, a je wurin Labaran a ɗauko 'yar Beljiyam, wato ta gwanjo. Labaran ya jingina ta da tsohuwar, ya kanne ido ɗaya, ya ce tagwaye ne. Tun daga ranar motar take fizgar dama kamar akuya ta hango dusa. Yaron nan yakan dawo gida kafaɗa a sage don kokawa da sitiyari, ni nake gasa masa da ruwan zafi. Ya kai kuka wurin oga, aka ce a je a yi alaimen, wato saitin ƙafafu. Aka yi. Ba ta daina ba, sai ma ta ƙara da gurnani ta ƙarƙashi.

Jiya, a gangaren hanyar Bwari, ana yayyafi, ya taɓa birki a kwana, motar ta ƙwace. Madam Felicity, babbarsu da ke zaune a baya, ta karye a cinya. Tun ba a gama ɗora ta ba Zacharias ya gaya wa 'yan sanda wai direba ne ya yi gyangyaɗi.

Da safen nan na bar tukunyar tuwona a tasha, na kai wa Muktar koko caji ofis. A filin da suke ajiye motocin haɗari na tarar da Hassan, bakaniken kamfanin, tsugune gaban jif ɗin. Ya waiga hagu da dama, sannan ya kama hannuna ya ɗora a kan tayar, ya sake ɗorawa a kan 'yar'uwarta. Ko makaho ya san ɗaya ta fi tsayi. Ya ce irin wannan mota, in ƙafa ɗaya ta bambanta, duk tafiyar faɗa suke da juna, kuma babu alaimen ɗin da zai raba su. Na ce ya shiga ya faɗa wa ofisa. Ya sunkuyar da kai, ya ce yana da 'ya'ya. To ni fa? Muktar daga bishiya ya faɗo?

Shi ya sa na zo wa Labaran. Ya fara kame-kame, wai lambar da ke jikin tayar kusan ɗaya ce da ta sauran, wai 'yan tasi kullum haka suke haɗa-haɗa suna tafiya lafiya. Na ce ni ban san lamba ba, amma ya sa takalmi mai tsini a ƙafa ɗaya, silifa a ɗayar, ya gangara Bwari cikin ruwa, in ya so ya dawo mu yi maganar kusan.

Maƙwabtansa suka yi dariya. Ni ba dariya ta kawo ni ba. Uwar Labaran layinmu ɗaya a Funtua. Da ya sauka garin nan da leda ɗaya a hannu, a rumfata ya ci tuwo har ya yi wuya.

Sai ya kwantar da murya, irin ta mai shirin ba da albishir.

"Gwaggo, ai an gyara. Ɗazun nan Oga Zacharias ya zo, na ba shi taya daidai lambar, sabuwa a leda. Ko sisi ban karɓa ba, saboda ke."

Na tsaya ina kallonsa. Motar da gabanta ya lotse, wadda ko tashi ba ta yi, me za ta yi da sabuwar taya? Sai na gane, musanya za su yi. In aka cire waccan tayar, ba sauran mai shaida wa ɗana. Sai maganar oga, da ta direban da aka ce ya yi barci.

Ban san ko Labaran wawa ne ko munafuki ba, ban kuma tsaya bincike ba. Na cukwikuye wuyan rigarsa har bakin titi, na tura shi cikin tasi. Duk hanya yana salati yana roƙon in sake shi, mutane na gani. Na ce ai gani nake so su yi.

Muka isa caji ofis, jak na ƙarƙashin mota. Wani mai faci ya riga ya kwance noti uku. Zacharias na tsaye da tabarau, yana shan ruwan gora. Ya gaya wa ɗan sandan ƙofa wai za a canza taya ne don a ja motar zuwa gareji. Sabuwar tana jingine da katanga, sai ƙyalli take.

Na ture mai facin, na zauna daɓas a ƙasa, cikin taɓo, na jingina bayana da tayar, na zura hannu ta cikin ƙarfenta. Zacharias ya ce wani abu da Turanci, sannan ya juya Hausarsa ta Abuja: wai Mama ka tashi, wannan kayan kamfani ce.

"Ɗana ma kayan wani ne," na ce. "Ka daki wannan jak ɗin, motar ta sauko a kaina, a rubuta ni ma gyangyaɗi na yi."

'Yan sanda suka fara fitowa. Ta tagar bayan kanta na hango yatsun Muktar riƙe da ƙarfe. Wani mai igiya uku ya matso, ya tambayi abin da nake so.

"A kira babbanku, ya zo da igiya ko da tsumma, ya auna ƙafafun nan huɗu a gabana. Ga wanda ya sayar, ga wanda ya ce a saya. Ba zan tashi ba sai ɗayansu ya buɗe baki ya faɗi wanda ya sa wannan tayar, da dalilin da ake sauri a cire ta."