Faifan da Nicanor Ya Yi wa Ƙarya

Shekara goma sha tara Nicanor Huanca ya yi yana fasa dutse a ramin kuza na Cerro Pardo kafin huhunsa ya gaza. Ranar da likitan kamfani ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya duba a hasken taga, bai faɗa masa sunan cuta ba, sai ya tambaye shi 'ya'yansa nawa. Nicanor ya gane. Ƙurar dutse ce, irin wadda ta kashe mahaifinsa.

Ƙungiyar ma'aikata ba ta bar shi ya zauna a gida yana jiran ajali ba. Suna da ɗan gidan rediyo a bayan ofishinsu, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, da lasifika huɗu a kan falwaya waɗanda ake ji har maƙabarta. Suka ba shi sa'a guda kowace Lahadi bayan an taso daga coci, don shi mutum ne mai baki. Ko a cikin rami, in an zauna taunar ganyen koka mai kashe yunwa da gajiya, shi ke riƙe da hira.

Abin da zai saka shi ne matsalar. Duk abin da ke ɗakin akwati ne na fayafayan garmaho da wani limamin coci Bajamushe ya mutu ya bari, kiɗan mutanen Turai na da, goge da sarewa da fiyano, babu murya ko ɗaya. Lahadin farko ya ɗora ɗaya ya bar shi ya yi ta juyawa. Da ya fito ya tarar da Tiburcio Aruquipa yana jiransa a bakin ƙofa. Tiburcio abokin aikinsa ne tun suna samari, kuma shi ya riƙe 'yar Nicanor ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre.

"Kompadre, mene ne wannan?" in ji Tiburcio. "Muna ta jiran mawaƙin ya fara har aka gama. Makara ya yi, ko shi ma yajin aiki yake?"

Nicanor ya koma ya zauna da akwatin. Rubutun bayan kwalayen da Jamusanci yake, ko harafi bai gane ba. Amma akwai wani faifai mai hoton mutum da farin gashin kanti a ka. Kiɗan yana farawa da babban goge guda, mai kaurin murya, yana sauka a hankali, sannan ƙananan su shigo ɗaya bayan ɗaya kamar masu neman wani abu a duhu. Sau uku ya saurara. Abin da ya ji a cikinsa shi ne abin da yake ji da safe in kejin ƙarfe ya fara nutsewa da su cikin ƙasa.

Lahadi ta biyu, kafin ya ɗora allurar garmaho, ya matso da bakinsa ya ce wanda ya tsara wannan kiɗa mahaƙi ne kamar su, a wata ƙasa mai sanyi. Rami ya rufta da ƙanensa. Kwana uku yana tono da hannu bai same shi ba, da ya koma gida sai ya zauna ya rubuta wannan. Babban gogen shi ne wan, yana kira. Ƙananan kuwa 'yan uwa ne da suka zo da fitilu. Bai shirya faɗin haka ba, bakinsa ne ya tafi, shi kuma ya bi.

Kafin wata ya ƙare kowa ya san Kiɗan Mahaƙi. Matan da ke tsince kuza a jujin duwatsu suna gunguninsa. Masu sayar da kunun masara a bakin kasuwa sukan tsaya da ludayi a hannu in ya zo wurin da gogunan ke haɗuwa. Da aka yi rasuwa ta farko bayan nan, matar mamacin ta aiko a saka shi lokacin ɗaukar gawa, daga ranar kuma ya zama al'ada. A garin da namiji ba ya kai hamsin, allura ba ta huta ba. Shekara shida ana haka.

Sai aka turo sabuwar malamar makaranta daga birnin La Paz, Eduviges Salvatierra, wadda ta yi karatu a hannun matan zuhudu Jamusawa. Wata Talata ta zo aron faifai don 'yan ajinta. Ta ɗauki kwalin mai farin gashin kanti ta juya bayansa, tana karantawa tana motsa leɓe. Dariya ta kusa ƙwace mata, da ta kalli fuskar Nicanor ta haɗiye.

"Karanta min, Malama," ya ce.

"Don Nicanor, ba dole ba ne."

"Na san ba abin da na faɗa ba ne. So nake in ji nisan da na yi."

Ta karanta. Mutumin bai taɓa shiga rami ba. Baran wani basarake ne, yana cin abinci tare da masu girki da masu kula da dawaki. Ubangidan nasa yana fama da kumburin ciki, shi ne ya sa a tsara masa kiɗa mai sanyi da za a riƙa yi a bayan labule in yana cin nama, don abinci ya zauna masa. Iyakar labarin ke nan.

Da ya gaya wa matarsa Basilia, tana jiƙa busasshen dankali ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ka ja bakinka ka yi shiru," ta ce. "Mutum nawa aka binne da shi?"

"Sittin da wani abu."

"To ɗauki shebur ka je ka tono su ɗaya ɗaya ka ba su haƙuri. Wa ka cuta? Kai dai ba ka iya zama lafiya ba."

Amma a lokacin ya fara ganin jini a tsummansa in ya yi tari, kuma abin ya tsaya masa a rai cewa zai mutu mutane na yi masa kallon mai ilimi a kan zancen da ya ƙago. Ranar Lahadi ya faɗi komai a rediyo, da basaraken da kumburin cikin. Ya ce laifinsa ne shi kaɗai, kiɗan bai yi wa kowa ƙarya ba.

Garin bai ɗauki maganar da sauƙi ba. Doña Cleofé, wadda aka binne mijinta da ɗanta da wannan kiɗa, ta tare shi a gaban famfo, ta tofar da yawu kusa da takalminsa.

"Na yi kuka don ƙanen wani," ta ce. "Na ce ga wanda ya san abin da nake ji. Ashe kai ne kake wasa da mu."

Tiburcio kaɗai ya mai da abin raha. Ya riƙe ciki yana dariya har hawaye.

"Kai, kompadre, Allah ya shirye ka! Shekara shida muna raka gawa da maganin kumburin ciki! To in na mutu ka saka min, ko wake zai bar ni in kwanta lafiya."

"Rufe min baki, tsohon banza. Ni zan riga ka."

"Mu gani."

Ranar Alhamis da hantsi jiniya ta yi kuka. Nicanor na zaune a rana a ƙofar gida, ya ga mata suna gudu zuwa bakin rami, wasu da kumfar sabulu a hannu. Ya tashi zai bi su, bai yi taku talatin ba numfashi ya ɗauke, ya durƙusa ya riƙe bango. A nan labari ya same shi. Rufin hawa na bakwai ya zube a kan mutum bakwai, Tiburcio na ciki.

Kwana huɗu aka yi ana tono. An fito da biyar, har da Tiburcio, babu mai rai. Sauran biyun kamfani ya ce dutsen yana motsi, ba za a ƙara jefa kowa ba, aka kawo bulo da siminti aka toshe hanyar da su a ciki.

Shugaban ƙungiya ya ce a wannan karon masu kakaki da ganga za su raka gawawwakin, ba a son abin da zai tada rigima. Nicanor ya ce haka ya dace. Amma da safiyar jana'iza Doña Remigia, matar Tiburcio, ta shigo ɗakin rediyo da baƙin mayafi, ta same shi zaune ba ya komai.

"Kompadre, ka saka masa."

"Komadre, kin ji abin da na faɗa a rediyo. Ba mahaƙi, ba ƙane. Kiɗan cin nama ne."

"Na ji. Ni ban zo karatun tarihi ba. Shekara shida yana yi min fitonsa da baki kullum in yana wanke fuska, ba ma daidai yake yi ba, har sai na kore shi. Kwanakin nan ina tashi ba na ji." Ta gyara mayafi. "Wancan mai ciwon cikin ya ci namansa ya mutu. Mu ne nan muke ji. Ka saka."

Ya saka. Faifan ya tsufa, akwai wurin da allura ke tsalle, dole ya ɗora ɗan yatsa ya danne ta. Ta tagar ɗakin yana hango akwatuna biyar suna hawa tudu a kafaɗun mutane. Masu kakaki suka sauke kakakinsu. Wasu sun cire hula, wasu ba su cire ba. Doña Cleofé ta fita daga layi ta koma gida ta rufe ƙofa. Matan mutum biyun da aka bari a rami suna can ƙarshe, ba su da akwatin da za su bi, suna tafiya dai. Nicanor bai iya hawa tudun ba, don haka bai ga an saka abokinsa a ƙasa ba.

Kafin ruwan sama ya sauka muryarsa ta shaƙe, ba ya iya haɗa jimla sai ya huta a tsakiya. Malama Eduviges ta karɓi sa'ar Lahadi. Ita abin da ke rubuce kawai take karantawa, sannan ta ɗora allura. Nicanor yana saurara daga gado, Basilia ta jingina shi da buhuna biyu don ba ya iya kwanciya a miƙe.

Wata Lahadi ta ɗauko wani faifan fiyano da shi bai taɓa kulawa da shi ba, don a kunnensa kiɗan rawa ne. Ta karanta cewa wanda ya tsara shi ciwon huhu ne ya kashe shi da ƙuruciya a ɗakin haya, kuma wannan kiɗa a watanninsa na ƙarshe ya rubuta shi, yana tarin jini. Nicanor ya saurara har ƙarshe. Kiɗa ne mai sauri, mai tsalle-tsalle, ba alamar baƙin ciki a cikinsa.

"Kin ji?" ya ce wa Basilia, yana jan numfashi. "Akwai namu a akwatin. Shekara shida yana gabana."

"Sha maganinka," ta ce.

Ya rasu a watan Fabrairu, ana ruwa. Kamfanin ya rufe ramin shekara biyu bayan nan, Basilia ta bi 'yarta zuwa birnin El Alto.