Shirun Daƙiƙa Goma Sha Biyar

Aikin Solveig Brännlund shi ne karanta ƙorafin jama'a. Kamfaninsu ƙarami ne, mutum goma sha tara a hawa na uku na wani tsohon gini a birnin Umeå, suna da manhajar sauraron waƙa a waya. Masu amfani da ita kan rubuto abin da suke so a gyara ko a ƙara, ita kuma ta tace, ran Juma'a ta kai wa shugabarsu Pernilla buƙatar da ta fi yawan masu nema, a yi aiki a kanta. Shekara shida tana wannan tankaɗe da rairaya, har ta kai ba ta yarda da kowa. Ta ga mawaƙin da ya yi rajista da suna arba'in don ya yabi kansa, ta ga na'urorin da ke zubo saƙo ɗari a minti ɗaya. In ka ce mata ina kwana, sai ta duba agogo tukuna.

Ran Talata, tsakanin ƙarfe biyu da biyu da rabi na rana, saƙo tamanin da uku suka shigo. Duk magana ɗaya ce, ko ɗigo bai bambanta ba: "Muna roƙo cikin girmamawa a ba mu damar sa shiru na daƙiƙa goma sha biyar tsakanin waƙa da waƙa." Duk daga wani ƙauye suke kusa da garin Vindeln, ta layin intanet ɗaya, kuma yawancin masu saƙon ba su yi wata uku da rajista ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Wa zai biya kuɗi don jin waƙa sannan ya dawo yana roƙon shiru? Mutum ɗaya Solveig ta sani mai wannan ra'ayi, kuma teburinsa na kallon nata. Torbjörn Lidström ne, injiniyansu mafi daɗewa. Bara ya kawo wannan shawara a taro aka yi masa dariya, Pernilla ta ce ba wanda ya taɓa nema. Shi kuwa ya ce za su nema. Ga shi kuma ɗan wajen Vindeln ne. Biri ya yi kama da mutum.

Dokar kamfanin a fili take: ma'aikacin da ya cusa buƙatun bogi a jerin saƙonnin jama'a, ya kwashe kayansa. Torbjörn kuwa shi ya koya mata aiki lokacin da ta zo, kuma kullum in an fito shan kofin ƙarfe uku shi ke ɓoye mata burodin kirfa kafin 'yan ofis su wawashe. Abin ya dame ta ƙwarai, amma ta sa masa ido. Ran Laraba ya yi ta fito yana aiki, fiton ma sai ya zame mata hujja. Ta kuma tuna ran Talata da rana kujerarsa ba kowa.

"Ina ka shiga jiya da rana?" ta tambaye shi wajen kofi. "Ko ƙeyarka ban gani ba."

"Wurin likitan haƙori. Ko sai na kawo miki haƙorin shaida, 'yar sanda?"

Ya miƙo mata burodinta yana dariya. Ita ma ta yi, amma iyakarta leɓe.

Ta aika wa uku daga cikin masu saƙon tambaya, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ran Alhamis ta shiga ofishin Pernilla. Ta gaya wa kanta ba ƙararsa ta kawo ba, abin da ta gani kawai za ta faɗa. Sai dai ta jera shi daki-daki, har da likitan haƙorin, ta yadda ko yaro zai gane wa ake nufi. Pernilla ta kira shi, aka rufe ƙofa. Da ya fito ya ɗauki rigar sanyinsa ya tafi, an dakatar da shi zuwa Litinin sai an gama bincike. Bai kalli inda Solveig take ba.

Da safiyar Juma'a wasiƙa ta iso ta gidan waya, takarda sosai a cikin ambulan. Daga wata Gunborg Edlund ce, sakatariyar ƙungiyar rawa ta 'yan fansho a ƙauyen. Ta ce sun ga tambayar, amma ba ɗaiɗaikun mutane ke amsawa da sunan ƙungiya ba, sai kwamiti ya zauna. Ta haɗo da kwafin bayanin taronsu.

Batu na huɗu ya ce tun da makaɗinsu Helge ya rasu a kaka, da manhajar suke rawa. Al'adarsu kuwa rawa biyu ake yi da mutum ɗaya, a yi masa godiya, a sake abokin rawa. Helge kan dakata a yi haka, manhajar kuwa ba ta jira. Kafin Majvor, wadda aka yi wa aiki a ƙugu, ta tsallaka ɗakin zuwa wurin sabon abokin rawa, waƙa ta kai rabi. An yi awa guda ana ja-in-ja tsakanin daƙiƙa goma da ashirin, aka daidaita a goma sha biyar. Sannan aka kaɗa ƙuri'a kan kalmomin da za a rubuta, don kada a wahalar da kamfani da surutu iri-iri, kuma bayan an sha kofi kowa ya aika ta intanet ɗin zauren taronsu. Mutum biyu sun duba bayanin sun sa hannu, kamar yadda aka saba.

Solveig ta juya takardar. A shafi na ƙarshe akwai sunayen mahalarta, ta bi su da yatsa tun daga sama har ƙasa. Ba Lidström ko ɗaya. Ta koma sama ta sake bi, sai da ta kai ƙarshe ta gane har yanzu hujja take nema a kansa, kunya ta kama ta.

Ran Litinin Torbjörn ya dawo, bayan Solveig ta nuna wa Pernilla wasiƙar. Pernilla ta ba shi haƙuri a gaban kowa, ta kuma ba shi aikin sa shirun a manhajar. Ƙarfe uku Solveig ta same shi wajen kofi ta miƙa masa wasiƙar, ta ce ya yafe mata. Ya karanta a tsanake, ya ɗan yi murmushi da ya zo kan Majvor.

"Taku uku ne tsakanin teburina da naki, Solveig," ya ce. "Da kin tambaye ni kai tsaye."

Ya juya zuwa shafin sunayen.

"Kin duba ko da dangina a ciki?"

"Na duba."

"Sau nawa?"

"Biyu."

Ya gyaɗa kai ya mayar mata da takardar. Burodin kirfa ɗaya ya rage a faranti. Ya ɗauka, ya koma teburinsa yana ci.