Farar Ƙasar Gindin Tsamiya

Ɗan balbela na uku ke nan da ya faɗo a gaban Iya Tambaya tun da ta durƙusa a bakin kududdufin. Bai mutu ba. Ya kwanta a gefe guda yana shure-shure, wuyansa na karkarwa, ko da ta kai hannu kusa bai yi yunƙurin gudu ba.

Iya ta kawar da kai ta ci gaba da haƙa tana zubawa a ƙwarya. Farar ƙasa ta zo ɗibar wa jikarta Ummukulsum, wadda cikinta ya tsufa, kwaɗayin ƙasa kuma ya sa ta a gaba. Ta kasuwar Bunkure ai Iya ba ta yarda da ita ba, wa ya san hannun da ya taɓa ta? A ƙauyensu kuwa kowa ya tashi ya tarar ana cewa balbela ba ta kwana a kan ƙazanta. Duk inda ta yi sheƙa, ruwan wurin da ƙasarsa lafiyayyu ne. Shi ya sa tsohuwar nan ke ratsa gonakin shinkafa, da ciwon gwiwarta da komai, ta zo gindin tsamiyar da fararen tsuntsaye suka lulluɓe.

"Sannu da aiki, Iya. Me za a yi da ƙasar nan?"

Sa'ida ce, 'yar mai injin gyaran shinkafa na Kura, wadda ke karatu a jami'a. Tun bara take zuwa da tsani tana ɗibar jinin 'yan tsuntsaye, har manoma suka sa mata likitar balbelu.

"Ƙasa ce dai," in ji Iya. "Ke da kike likitarsu, me ke zubo da su haka?"

Sa'ida ta ɗauki ɗan tsuntsun ta tallabe shi. "Kin san masu narka tsofaffin batura a bayan gadar can? Dauɗarsu ke bin magudana ta taru a nan. Gubar dalma ce. Ta kwanta a laka, ta shiga kwaɗi da kifi, balbela ta ci."

"Da akwai cuta da sun ƙaura."

"Ba su san da ita ba, Iya. Ba ta wari."

Iya ta daina haƙa.

"Kowane jiki yana da gadon da ya samo daga iyaye, kamar rubutu a allo," Sa'ida ta ci gaba a hankali. "Dalma ba lallai ta goge rubutun ba. Alama take sa a ɗora masa, wani wuri ya rufe, jiki ya kasa karanta shi. Bara na ɗauki ƙwai daga tsamiyar nan aka ƙyanƙyashe su a jami'a. Ba su taɓa ganin ruwan nan ba, amma da muka duba jininsu, alamar tana nan. Tun a ƙwai suka same ta."

"Tun a ƙwai," Iya ta maimaita. "To, mutum fa?"

"Tsuntsu na karanta, ba zan ƙara miki abin da ban gani ba. Amma likitoci sun san dalma tana ratsawa daga uwa zuwa ɗan cikinta." Idonta ya sauka a kan ƙwaryar. "Iya, wa ke cin ƙasar nan?"

"Jikata."

"Tun yaushe?"

"Tun dashen shinkafar rani."

Su biyun suka dubi gonakin. Shinkafa ta riga ta fitar da kai, har ta fara rusunawa.

Sa'ida ta ce, "A kai ta asibiti gobe a auna jininta. Don Allah ko lasa kada ta ƙara yi."

Iya ta kifar da ƙwaryar a cikin ruwan. Hanyar da take bi tana hutawa a kan kowace kunya, yau ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Haushi ya cika ta, na masu batura, na tsuntsayen da suka zauna fari fat a kan guba kamar ba komai. Amma tsoro ya fi haushin yawa. Abu ɗaya ke sanyaya mata rai: ragowar ƙasar jiya ta ɓoye ta a tukunya a ƙarƙashin gado, don yarinyar ba ta san ƙoshi ba.

Ta tarar da Ummukulsum a kan tabarma a inuwar rumbu, ta miƙe ƙafafu, tana dariya. Leɓɓanta fari tas.

"Tsohuwa mai rowa, yau dai na gano maɓoyarki. Ina sabuwar?"

"Ban samo ba."

"To gobe. Kawo hannunki ki ji." Ta jawo hannun Iya ta ɗora a kan cikinta. "Da na ci sai ya kama wannan tsalle. Shi ma yana so."

Iya ta ji motsin a tafin hannunta, ƙananan ƙafafu suna shuri ba ƙaƙƙautawa. Ta karɓi haihuwa da yawa a ƙauyen nan, ta san motsin ɗa mai lafiya, amma yau ta kasa bambancewa. Ta bar hannun a wurin tana jira ya lafa.

"Iya, lafiya kuwa?" in ji Ummukulsum.